Fuskar Kunama a Falon Hajiya

Tun daga yadda saurayinta Injiniya ya yi magana a waya Tilo ta san ba lafiya ba. Mutumin da ko sannu zai ce mata sai ya haɗa da tsokana, yau cewa kawai ya yi, "Idan kin tashi daga makaranta ki biyo ta wurin aikina. Kada ki tsaya ko'ina."

Ta sallami 'yan ajinta, ta tari mota har ƙofar gidan talabijin na gwamnati.

A can ƙasan bene ɗakin aikinsa yake, ɗaki mai sanyin na'ura da warin tsofaffin kwalaye. Kaset-kaset ne jere tun daga ƙasa har rufi. Watanni ke nan yana binne a ciki, tun da gidan talabijin ɗin ya yanke shawarar ɗora shirye-shiryensa a intanet, sababbi da tsofaffi, duk mai waya ya kalla lokacin da ya ga dama. Aikin Injiniya shi ne ya tsabtace tsohon kaset, ya juye shi a kwamfuta, ya ɗora.

Bai yi mata murmushi ba. Ya jawo mata kujera, ya danna wani maɓalli.

Wata matashiya ta bayyana a allon cikin fararen kayan ma'aikatan jinya, tana sauri a barandar asibiti, ta rungume jaririya a ƙirji. Ta waiwayo. A daidai nan ya tsayar da hoton.

Tilo ta ga kanta. Idanun nata ne, wushiryar tata ce, har yadda girar hagu ke ɗagawa idan ta tsorata.

"Wace ce wannan?" ya tambaya a hankali.

"Ai ka sani."

"Daga bakinki nake so in ji."

 "Ummata ce."

Shekaru kusan talatin da suka wuce, idan Alhamis ta yi, tituna kan zama fayau saboda wasan kwaikwayon nan. Umma ce ta fito a matsayin ma'aikaciyar jinya mai sace jaririya daga gadon asibiti. Jama'a suka laƙaba mata suna Kunama. Kuma mutanen wancan lokacin, Allah Sarki, da yawansu ba su raba wasa da gaske. Abin da akwatin talabijin ya nuna, a wurinsu ya faru an gama.

Hajiya, mahaifiyar Injiniya, tana cikinsu. Tana da tsohon ciki lokacin da ake nuna wasan, tsoro ya kama ta, ta rantse ba za ta taka asibiti ba kada Kunama ta ɗauke mata abin da za ta haifa. Naƙuda ta zo da gardama a gida. Kafin a lallashe ta a sa ta a mota, 'yar ta zo babu rai. Daga ita Hajiya ba ta sake haihuwa ba.

"Duk tsawon zaman nan namu, Tilo," Injiniya ya ce, "me ya hana ki faɗa min?"

"Na yi niyya, wallahi na yi niyya. Ranar da na shirya faɗa maka, ranar ka kai ni gaida Hajiya, ta zaunar da ni ta ba ni labarin ƙanwarka. Ta ce idan Allah ya haɗa ta da matar nan ko a lahira ne sai ta shaƙe ta. Ni kuma ina zaune ina cewa Allah ya ji ƙan rai. To me kake so in ce mata?"

Hawaye suka ɓalle mata. Ta nuna kwamfutar da hannu.

"Ka goge shi. Don girman Allah ka goge shi. Ka ce kaset ɗin ya lalace, waye zai sani?"

"Da ni kaɗai ne da tuni na yi. Mu da yawa muka yi aikin, kuma tun jiya aka gama ɗorawa. Ranar Alhamis shugabanmu da kansa zai buɗe shi ga jama'a. Ba ki ji sanarwar da ake ta yi ba?" Ya ɗauko wani kaset daga gefe, duk fumfuna ta yi masa fari. "Wannan kaɗai ne bai yi ba. Kashi na ƙarshe. Danshi ya cinye shi, babu abin da ban gwada ba."

Ta rufe fuska da tafukanta. A da idan abu ya wuce a talabijin ya wuce ke nan, sai dai labari, labarin ma ya tsufa ya mutu. Yanzu kuwa za a tsayar da fuskar Umma, a matso da ita, a tura wa wanda bai nema ba.

"Akwai saura," ya ce, yana kallon ƙasa.

"Na shiga uku. Saura me?"

"Hajiya ta ce ki zo ranar Alhamis mu kalla tare. Gwaggo ce ta kawo shawarar."

 Gwaggo ƙanwar mahaifinsa ce, mace mai baki kamar reza, wadda ta daɗe da ajiye wa Injiniya 'yarta a zuciya. Tun ranar farko take bin Tilo da wani irin kallo, tana cewa, "Ni kam kamar na san fuskar nan a wani wuri." Ashe ta tuna wurin.

Ya durƙusa a gaban kujerarta. "Ki saurare ni. Ko sama za ta haɗu da ƙasa, ni ba zan bar ki ba. Na rantse da..."

"Kada ka rantse," ta katse shi. "Uwa ce fa. Kai kaɗai gare ta. Ranar da ta yi maka kuka ta ce ka zaɓa, kada rantsuwa ta zame maka kaya."

Ya miƙe ya mayar da kaset ɗin inda ya ɗauko shi.

A gida ta sami Umma a kan keken ɗinki, kamar kullum, ta juya wa taga baya. Tun Tilo na ƙarama Umma ba ta fita sai dole, idan za ta fita kuma sai ta rufe fuska. Tsufa ya canja kamanninta, ya rage mata jiki, amma bai taɓa muryarta ba, muryar nan mai kauri da ɗan karcewa a ƙarshe.

"Wa ya mutu?" Umma ta tambaya ba tare da ta ɗago ba. "Tun daga sallamarki na ji."

Tilo ta zube a gabanta, ta kwantar da kai a cinyarta, ta zayyane mata komai tana shessheƙa. Keken ya tsaya.

 Umma ta kai yatsa ta shafa ɗan tabon da ke saman goshin Tilo, wanda kullum take ɓoyewa da ɗankwali.

"Kin san yadda kika samu wannan."

"Kin ce dutse ne."

"Dutse ne. Washegarin da aka nuna na ƙarshe na shiga kasuwa, kina goye a bayana. Wata ta ɗaga murya ta ce ga Kunama nan da jaririyar mutane. Kafin in buɗe baki an kewaye ni. Ni aka jefa, ke ya samu. Ranar na yi sallama da wasa, mahaifinki, Allah ya ji ƙansa, ya kwashe mu muka canja unguwa."

"Umma, me ya sa kika yarda kika fito a haka? Me ya sa ba ki fito a uwar jaririyar ba?"

Umma ta yi wata 'yar dariya marar daɗi. "Ita uwar, kuka kawai take yi, kowa ma zai iya. Ni aka ce na fi iyawa, yarinta kuma ta sa na ji daɗin yabon. Na iya ɗin kuwa, ga shi har yau ana biyana."

"Yaya wasan ya ƙare? An ce kaset ɗin ya lalace."

"Gara da ya lalace." Umma ta kawar da kai. "A tashar mota jaririyar ta mutu a hannuna, uwar na isowa. Haka marubucin ya rubuta. Na roƙe shi ya canja, ya ce so yake mutane su yi kuka."

Tilo ta ƙanƙame ta. "To ni yanzu yaya zan yi? In ce ba ni da lafiya? In gudu? Umma, shekaruna sun ja, duk wanda ya zo sai in kore shi don kada a tona asalinmu. Wannan ne kaɗai na kasa kora. Idan na rasa shi ban san yadda zan yi da raina ba."

"Ki je."

"Umma!"

"Na ce ki je. Idan ba ki je ba Gwaggon tasa za ta kalla da ita, ta fassara mata yadda take so. Ni na yi ɓuya ya ishe ni, ba zan bar miki shi gado ba." Ta ɗago fuskar Tilo da hannu biyu. "Abu ɗaya nake so. Idan ta neme ni, kada ki kare ni. Ki ba ta ni."

Alhamis ta zo da sauri, kamar ana tura ta.

Da yamma Tilo ta yi sallama a falon Hajiya. An sauke labule saboda hasken rana, an jera kofunan shayi, Injiniya na tsugune yana haɗa wayarsa da babbar talabijin. Gwaggo ta hakimce a kujerar da ta fi kowacce kallon ƙofa, ta ci ado kamar mai zuwa karɓar kyauta.

"A'a, ga malama," Gwaggo ta ce da fara'ar da ba ta kai ciki ba. "Matso nan kusa da Hajiya, inda haske yake. Ɗan ja ɗankwalin baya mana, ko zafi ba kya ji?"

Hajiya ta kama hannun Tilo ta zaunar da ita a gefenta. Mace ce mai sanyin hali idan ba a taɓo mata wancan ciwon ba.

"'Yata, hannunki sanyi ƙalau. Ko ke ma tsoron Kunamar kike ji tun ba ki gan ta ba?" Ta yi ajiyar zuciya. "Ni ba don daɗi zan kalla ba. Ƙarshen nake nema. Ranar da aka nuna shi ina kwance, an fita da 'yata a zane. Duk wanda na tambaya yadda aka ƙare sai ya kawar da kai. Shekara da shekaru ina so in san ko an mayar wa baiwar Allahn nan da 'yarta."

Injiniya ya juyo. "Hajiya, na gaya miki na ƙarshen bai..."

"Ka ce kana kan gyarawa. Sa mana dai."

Ya kalli Tilo. Ta sunkuyar da kai. Ya danna.

Tsohon kiɗan buɗe wasan ya cika falon, Hajiya ta dafe ƙirji. Aka nuna asibiti, aka nuna mai jego tana barci, jaririya a ɗan gado kusa da ita. Sai ƙofa ta buɗe a hankali.

 Tilo na jin yatsun Hajiya suna ƙara matse nata.

"Ga ta nan," Hajiya ta ce da raɗa. "Ga la'ananniyar nan."

Kunama ta sunkuya ta ɗauki jaririyar, ta ce da mai gadin ɗakin, "Allura zan kai ta, yanzu zan dawo." Ta fita baranda da sauri. Ta waiwayo.

"Tsaya!" Gwaggo ta daka tsawa. "Ɗana, tsayar mana a nan. Ai abin naku na zamani an ce ana tsayarwa, har a matso da fuska. Matso mana da ita."

"Gwaggo, a bari a..."

"Tsayar," Hajiya ta ce.

Hoton ya tsaya. Fuskar ta cika allon, girar hagu a ɗage, wushirya a bayyane.

"Hajiya," Gwaggo ta ce a sanyaye, kamar mai ba da magani, "dubi talabijin, sannan ki dubi gefenki."

Hajiya ta juyo. Ta kalli Tilo, ta kalli allon, ta sake kallon Tilo. Tilo na gani fuskar Hajiya ta canja. A hankali yatsun da ke riƙe da nata suka saki, Hajiya ta janye hannunta ta goge shi a jikin zanenta.

Wannan gogewar ta fi mari ciwo.

"Tun ranar da na fara ganinki gabana ke faɗuwa," Hajiya ta ce, muryarta can ƙasa. "Na yi ta istigfari, ina cewa shaiɗan ne yake so ya raba ni da yarinyar kirki. Wace ce ita a wurinki?"

Tilo ta zame daga kujera ta durƙusa. "Mahaifiyata ce, Hajiya."

"Inna lillahi!" Gwaggo ta tafa hannu. "Jinin Kunama a gidan yayana! Su kuma jikokin wa zai bar mata su?"

"Gwaggo, wasa ne fa!" Injiniya ya miƙe tsaye. "Wasan kwaikwayo ne, rubutawa aka yi aka ba ta ta haddace! Hajiya, ni nake aikin nan, na san yadda ake yi. Ba ta taɓa satar ɗan kowa ba."

"Kai ka sani?" Hajiya ta dube shi. "Ka sani ka bar ni na riƙe hannunta?"



"Wasa," Hajiya ta maimaita, hawaye na gangaro mata. "Kabarin ƙanwarka ma wasa ne? Ni da na kwana ina murƙususu ina cewa kada a kai ni, kada a kai ni, wasa nake yi?"

"Ki yafe mana, Hajiya," Tilo ta ce cikin kuka. "Ba ta san ki ba, ba ta san abin zai kai haka ba. Ita ma bai bar ta ba, wallahi bai bar ta ba. Ni kuma tsoro ne ya hana ni faɗa. Ina son ɗanki, ina son ki, na rasa ta inda zan fara."

"Tana raye?"

Tilo ta ɗaga kai da ƙyar.

"Kira min ita."

"Hajiya, me za ki ce da irin wannan mata?" Gwaggo ta sa baki. "Ki sallami yarinya kawai, kowa ya kama gabansa."

"Na ce ta kira min ita. Ta sa yadda kowa zai ji."

Tilo ta ciro wayarta. Kada ki kare ni, in ji Umma. Ta danna, ta ajiye wayar a kan teburin shayi. Ƙara ɗaya aka ɗauka, kamar dama Umma na zaune da ita a hannu.

"Salamu alaikum."

Muryar ce. Ita ce dai wadda yanzun nan ta ce allura zan kai ta. Hajiya ta zabura ta manne da bayan kujera, kamar matar za ta fito daga cikin wayar.

Babu wanda ya amsa sallamar.

"Hajiya ce ko?" Umma ta ce. "Ina jin ki. Duk abin da ke bakinki ki faɗa, na daɗe da cancantar jin sa."

Tilo ta runtse ido tana jiran tsinuwa. Injiniya ya matso kusa da mahaifiyarsa. Leɓɓan Hajiya suka yi ta motsi babu sauti. Da maganar ta fito, ba ta fito da ƙarfi ba, ta fito ne kamar ta ƙaramar yarinya.

"Kin mayar mata da 'yarta?"

Tilo ta tuna ƙarshen da Umma ta faɗa mata. Tashar mota. Uwar na isowa. Idan Umma ta faɗi yadda aka rubuta, an kashe wa Hajiya 'ya sau biyu, kuma babu sauran zancen aure. Idan ta yi ƙarya, ga Gwaggo nan da ta kalli ƙarshen da idonta, har ta gyara zama tana jira.



"A wasan ban mayar ba," Umma ta ce. "Marubuci ya kashe ta a hannuna. Ba zan yi miki ƙarya ba."

Hajiya ta saki wani sauti, ta dafe ciki.

"Amma ki saurare ni, Hajiya. Lokacin da za mu ɗauki wasan, babu uwar da ta yarda ta ba mu aron jaririyarta. Ni kuma ina jego. Sai na kawo tawa. Duk inda kika ga Kunama da jaririya, 'yar cikina ce a hannuna. Ana cewa an gama ɗauka nake komawa gefe in ba ta nono. Ba a sace ta ba, ba ta mutu ba. Ga ta nan durƙushe a gabanki."

Tilo ta buɗe ido. Ta juya ta kalli allon. A ƙasan fuskar Kunama, cikin farin tawul, ga wani ɗan kunne da ɗan dunƙulallen hannu. Ba ta taɓa sani ba.

"Makirci ne!" Gwaggo ta ce. "Ai dama bakinsu..."

"Yi min shiru," Hajiya ta ce, ba ta ko dube ta ba.

Ta sauko daga kujera da ƙyar, gwiwoyinta na ƙara, har ta zo daidai da Tilo. Ta kalli ɗan hannun da ke allon. Ta kamo hannun Tilo, wanda ɗazu ta goge nata saboda shi, ta juya shi ciki da baya tana dubawa. Riƙon ya yi tsanani har yana yi wa Tilo zafi, ta kasa gane ko riƙon karɓa ne ko na wanda zai tura ta waje.

Hajiya ta ture ɗankwalin baya, ta ga tabon, ta daɗe tana kallonsa.

"Ashe kin rayu," ta ce. "Duk shekarun nan ina yi miki kuka, ashe kina nan kina girma."

Sai fuskarta ta karye gaba ɗaya.

"Tawa ce kawai ba ta rayu ba."